Sunan Müller: daga ina ya samo asali?

Me ake nufi da Müller?

Mai niƙa, wato mutumin da ke kula da dutsen niƙan hatsi wanda ruwan kogi ko iska ke juyawa. Tushen kalmar daga Latin ne, molinarius. Shi ne sunan dangin da ya fi yawa a Jamus, sai Schmidt, wato maƙeri, yake biye masa.

Yaushe ya zama sunan gado?

Tun wajen ƙarni na 12 aka fara a manyan birane irin su Kolon. Jama'a sun yi yawa, masu suna Hans da Heinrich sun cika unguwa, sai aka riƙa laƙaba wa mutum sana'arsa a takardun haraji da na filaye. A hankali ɗa ya gaji laƙabin ko da bai taɓa niƙa ba. Ƙauyuka sun makara ƙwarai. A Gabashin Firisiya, wani yanki a arewa maso yammacin Jamus, sai da dokar Napoleon, sarkin Faransa, ta 1811 ta tilasta riƙe suna ɗaya.

Me ya sa ya yi yawa haka?

Kusan kowane yanki yana da maniƙarsa. Akwai kuma dokar da ake kira Mühlenzwang, wadda ta wajabta wa manoma kai hatsinsu maniƙar ubangidan ƙasarsu kaɗai, kuma ba a soke ta a Purushiya, wata tsohuwar masarautar Jamus, ba sai 1810. Mai niƙa sananne ne a ko'ina, don haka sunan ya tsiro a wurare barkatai, ba daga kaka ɗaya ba. Nan ne mutane suka fi ruɗewa: 'yan ƙwallon Jamus Gerd Müller da Thomas Müller sun haɗa suna, amma hakan bai sa sun zama 'yan'uwa ba.

Möller, Miller da Mueller fa?

Möller na arewacin Jamus ne, Miller kuma ana samunsa a kudu, wajen Bavariya. Mueller rubutu ne kawai na inda babu harafin ü. Masu ilimi na zamanin da sukan mayar da shi Molitor, wato mai niƙa da harshen Latin.

Ta yaya ake bin salsalar gida ɗaya?

A fara da gano garin da kakan ya fito da ɗarikarsa, Katolika ko Furotesta. Ba tare da wannan ba, wahalar banza ce. Daga 1876 ofishin gwamnati da ake kira Standesamt ke rajistar haihuwa, aure da mutuwa a duk Jamus, kuma ana buɗe wa kowa takardun haihuwa bayan shekara 110, na aure 80, na mutuwa 30. Kafin nan sai littattafan coci: shafin Matricula na nuna na Katolika kyauta a intanet, shafin Archion kuwa na Furotesta da kuɗi.

Abu biyu ke ɓatar da mai bincike. Tsohon rubutun hannu na Kurrent yana da wuyar karatu, kuma limamin coci kan rubuta sunan mutum ɗaya iri biyu. A yankin Wesfaliya na yammacin Jamus kuma, a zamanin da, namijin da ya auri magajiyar gona yakan ɗauki sunan gonar, sai a ga kalmar genannt, wato "wanda ake kira", tsakanin tsohon sunansa da sabon. Wanda bai lura da ita ba zai kama layin wani gida daban.