Shokazoban gaba na yoyo kana tsakiyar tafiya: tambayoyi da amsoshi

Na tsaya hutawa sai na ga mai ya jiƙe ƙafar gaban babur. Me ya faru?

A cikin kowace ƙafa ta shokazoban gaba akwai sifirin da mai. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, man kuma shi ke hana babur tsalle bayan ya faɗa rami. Wata roba mai zobe, wadda makanikai ke kira oyil-sil, ita ke tsare man a ciki, a wajenta kuma akwai wata robar da ke kare ƙura. Sau da yawa oyil-sil ɗin bai mutu ba. Ƙwayar yashi ce ko busasshen laka ya maƙale a leɓensa ya ɗaga shi, mai ya sami hanya. Shi ya sa yoyon ya fi zuwa bayan an bi hanyar ƙura ko taɓo.

Zan iya ci gaba da tafiya a haka?

Ya danganta da inda man ke zuwa. Idan ɗan naso ne da ke barin zobe a jikin ƙarfen, goge ka ci gaba, kana dubawa duk inda ka tsaya. Abin tsoron shi ne birki. Da zarar mai ya taɓa faifan birki, takalman birkin sun sha shi, kuma wanki ba ya fitar da shi yadda ya kamata, sai dai a canza su. Za ka matsa birki ka ji babur bai san kana yi ba. Haka in ya sauka kan taya, a kwana za ka gane kurenka.

Duba kuma irin shokazobanka. A na gargajiya, bututun da ya fi kauri yana ƙasa, man yana zaune ƙarƙashin oyil-sil, don haka yoyon a hankali yake. A wanda aka kifar, bututun da ya fi kauri a sama, man yana kwance a kan oyil-sil ɗin ne, ko babur na tsaye zai riƙa ɗiga, kuma kai tsaye wajen birki yake nufa. Wannan ba a yi masa sakaci.

To me zan yi a bakin hanya?

Ka fara da wanke wurin tas. Sai ka sa bakin sukudireba a hankali ka zare robar ƙura daga mazauninta, ka kiyaye kada ƙarfe ya karci sandar mai sheƙi. Ka yanko siririyar roba mai laushi, tsohon fim ɗin hoto na milimita 35 ya fi dacewa, in babu ka yanka daga gorar ruwa, ka yi mata baki kamar ƙugiya, ba kaifi. Ka zura ta tsakanin oyil-sil da sandar, ka kewaya da ita sau ɗaya ko biyu kana jawo dattin waje. Daga nan ka riƙe birkin gaba ka danna shokazoban sau goma zuwa goma sha biyar, ka goge, ka sake dannawa. In sandar ta fito a bushe, ka mayar da robar ƙura.

Kada ka yi wannan aikin da reza ko waya, za ka yanka leɓen robar, ƙaramin yoyo ya zama babba.

In bai tsaya ba fa?

Bi jikin sandar da farcenka. Idan ka ji kaushi, tsatsa ko tabon tsakuwa, shi ke cin robar duk shiga da fita. Samfefa mai laushi sosai, lamba 1000 ko sama, da ɗan mai, za ta kwantar da kaifin. Idan robar ce ta tsage, ko bushin na ciki, wato zoben da ke riƙe sandar daidai, ya cinye har ƙafar na girgiɗi, gyaran bakin hanya ya ƙare. Ɗaura tsumma mai tsabta a ƙafar yadda zai tare man kafin ya kai birki, ka riƙa canza shi, ka rage gudu, ka bar tazara mai yawa, ka nufi bakanike mafi kusa. Yayin da man ke raguwa za ka ji gaban yana nutsewa idan ka taka birki, yana kuma bugawa a gargada.

A ƙara mai kawai mana?

Ba ka san nawa ya zube ba, kuma ana so ƙafafun biyu su zama daidai. In ya yi yawa, gaban zai sandare, matsin ya ƙara tura man waje. Man shokazoba yana da lambobinsa, kamar 5W, 10W da 15W, littafin babur ɗinka zai faɗi wanda ya dace da adadinsa. Baƙin man inji ba nasa ba ne.

Me zan ce wa bakanike?

Ya canza oyil-sil na ƙafafun biyu tare da robar ƙura, ya zuba sabon mai, ya duba bushin. Girman oyil-sil lambobi uku ne a milimita, faɗin ciki, faɗin waje da kauri, misali 41x54x11. Rubuta naka ka ajiye, ko ma ka sayi biyu ka jefa a jaka kafin doguwar tafiya, domin ba kowane gari ne za ka sami girman naka ba.