Waiwaye: Yadda Gonakin Gangare Suka Fara Zubewa a Katsina

Duk damina sai maganar zaizayar ƙasa ta taso a rediyo da Facebook. Wasu su ce sauyin yanayi ne, wasu su ɗora wa masu saran itace. Tun bayan ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018 muhawarar ta ƙara zafi, har ana magana kamar jiya abin ya faro.

Tarihin da aka saba ji gajere ne. Gyaɗa da auduga sun faɗaɗa gonaki a zamanin Turawa, farin 1973 da na 1984 sun cinye ciyawa da itatuwa, jama'a kuma ta ƙaru, ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum miliyan 5.8, har barin gona ta huta ya gagara.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne haɗuwar rabon gandu da garmar shanu. Tun wajejen 1930 garmar ta shigo Arewa, amma sai daga baya ta game ƙauyuka, daidai lokacin da gandu ke watsewa. In magada sun zo raba gonar gangare, irin na gindin duwatsun Dutsin-Ma ko Ƙanƙara, kowa na son ya sami tudu ya sami kwari, don a kwari danshi yake. Sai a tsaga ta a tsaye, kowa da siririn yankinsa daga sama har ƙasa. Adalci ne, ba shakka. To amma mai huɗa da shanu ba zai riƙa juya bijimai bayan taku goma ba, tsawon gonar zai bi. Nan kunya ta daina tare ruwa, kowane kwarin kunya ya zama magudana. Garmar ma da kanta, duk wucewa sai ta ɗan tura ƙasa gangare, ko ba a yi ruwa ba.

Gambar da ake bari a kan iyaka, wadda saiwarta ke riƙe ƙasa, ita ma an nome ta don a ƙara kunya biyu. Karan dawa kuwa ya zama kuɗi, ba mai barinsa a gona.

Je ka duba irin wannan gona a watan Agusta. A sama dawa ta tsumbure, tsakuwa da marmara sun fito fili, takin da aka sayo da tsada ya bi ruwa. A ƙasa yashi ya binne shuka, 'yar hanyar da shanu ke bi kuma ta zama kwazazzabon da amalanke ba ya iya tsallakawa.