Gizo-gizon ƙasa: yadda ake rarrabe jinsunansa ta siffar jiki

Gizo-gizon ƙasa, dangin da masana ke kira Gnaphosidae, ya ƙunshi nau'i sama da 2,000 a duniya, kuma nau'ukan da suka fi kusa da juna ana haɗa su a jinsi ɗaya. Ba ya saƙa yanar kamun ƙwari. Da dare yake farauta a ƙasa, da rana kuma ya shige ƴar jakar zare ƙarƙashin dutse, hoge ko busassun ganyaye. A karkarar Maradi, wurin neman irinsa shi ne ƙarƙashin tarin karan gero, gindin rumbu da tsagewar ƙasa a fadamar gulbi. Yawancinsu ba su kai milimita 15 ba, launinsu baƙi, toka-toka ko ƙasa-ƙasa. Shi ya sa launi ba abin dogara ba ne: jinsuna biyu masu nisa da juna kan fito da kala guda.

Daga bayan jikinsa ake fara duba shi, wajen bututun da ke fitar da zare. A wannan dangi, bututu biyu na gaba miƙaƙƙu ne, kaurin gindi da na baki ɗaya, kuma akwai rata a tsakaninsu, har sukan leƙo bayan ciki idan an kalle shi ta sama. A dangin Clubionidae, wanda aka fi rikita su da shi, bututun masu tsini ne kuma manne suke da juna. Sai idanu. Guda 8 ne a jeri biyu, kuma biyun tsakiya na jerin baya ba zagayayyu ba ne: shafaffu ne, a karkace, masu ƙyallin azurfa. Wanda idanunsa ke jeri uku, huɗu ƙanana a gaba, manya biyu a samansu, biyu a baya, wannan ɗan wani dangi ne daban, Lycosidae. Farcen ƙafarsa uku ne, na gizo-gizon ƙasa biyu.

Rarrabe jinsunan cikin dangin sai da madubin ƙara girma, mai ninka abu wajen sau 40. A duba gaɓa ta biyu daga ƙarshe a ƙafa ta uku da ta huɗu. In akwai jerin gashi mai tauri a bakinta ta ƙasa, a jere kamar haƙoran mataji, to ana cikin rukunin Zelotes. Shi Zelotes yawanci baƙi ne wuluk, mai sheƙi, gaban kansa a tsuke. Trachyzelotes na da matajin, amma ya ƙara da curin gashi mai kauri a gaban muƙamuƙi. Camillina, wanda ke da yawa a Afirka, ya fi haske, idanunsa na tsakiyar baya manya ne, sun kusa haɗewa.

In babu mataji, a birkice shi a dubi gefen baya na muƙamuƙi, inda fiƙa ke kwanciya. Gnaphosa na da ɗan tudu ɗaya mai tsaga-tsaga a nan maimakon haƙora daban-daban, haka ma danginsa na busassun ƙasashe irin su Pterotricha. Callilepis, mai cin tururuwa, fata ce siririya gare shi a wurin, wadda haske ke ratsawa. Drassodes kuwa ana gane shi da ɗan gurbi a ƙasan gaɓar ƙafa ta biyu daga jiki. Micaria ne ya fita daban: da rana yake yawo, ya yi kama da tururuwa, jikinsa na walƙiya, bututunsa na gaba kuma sun matso kusa da juna, har mai sabon hannu kan fitar da shi daga dangin bisa kuskure.

Ana adana su cikin alkol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin 100, kuma a cikin alkol ɗin ake duba su, domin wanda ya bushe cikinsa kan motse, bututun su shige ciki. Wanda ya kwana biyu a kofin tarko da aka binne a ƙasa, musamman da zafin bazara, gashinsa kan zube. Sai a nemi ƙananan ramukan da gashin matajin ya bari. Duk wannan jinsi kawai yake nunawa. Sunan nau'i sai an duba al'aurar baligi: kumburin ƙarshen ɗan hannun da ke gefen bakin namiji, ko taurarren tambarin da ke ƙasan cikin mace. Wanda bai balaga ba, a tsaya a jinsi, a rubuta wuri da ranar kamu a takardar kwalba da fensir, don tawada kan narke a alkol.