Waiwaye: Yadda wasu iskoki ke sajewa da naitirojin a ma'auni

Naitirojin iri biyu ne, mai nauyi 14 da mai nauyi 15, kuma na biyun bai kai kashi 0.4 cikin ɗari na wanda ke cikin iska ba. Da shi masu binciken noma ke gane yawan takin da shuka ta sha, da abin da wake ko gyaɗa ke janyowa daga iska. Sai dai na'urar da ke awon, wato mas-sifektiromita, nauyi kaɗai take gani, babu ruwanta da waye mai shi.

Tun ƙarshen shekarun 1930, lokacin da Schoenheimer da Rittenberg ke bin sawun naitirojin-15 a jikin ɓeraye a Jami'ar Columbia ta Amurka, ake mai da samfur ya zama iskar N2, wato naitirojin biyu a haɗe, a karanta nauyinta a lamba 28 (14 da 14) da 29 (14 da 15). To, iskar CO, wato kabon ɗaya haɗe da oksijin ɗaya, ma a 28 take sauka: N2 na da nauyi 28.006, CO na da 27.995. Babbar ɓarnar a 29 take, inda CO mai ɗauke da kabon-13, wato kabon mai nauyi 13, ke zama daram a kujerar naitirojin-15. Ɗan kaɗan ya shiga, sakamako ya kumbura, mai awo kuwa yana ta murna.

An daɗe ana magance wannan da tsarkake iskar kafin ta isa na'ura, kuma a ganina nan ne aka yi aikin gaske. A 1983 Preston da Owens suka haɗa tanderun ƙona samfur da na'urar kai tsaye. Yau ana naɗe garin ganye a ɗan ƙoƙon kuza, a ƙone shi a zafin da ya kai digiri 1,000, a bi da hayaƙin ta kan jan ƙarfe mai zafi ya kwashe iskar oksijin, sannan wani bututu ya jinkirta CO2, iskar da ƙonewar kabon ke fitarwa, har N2 ta wuce. Jinkirin dole ne, domin CO2 na farfashewa ta koma CO a cikin na'urar.

Lamba 30 ce ta fi taurin kai. Can iskar NO, wato naitirojin ɗaya haɗe da oksijin ɗaya, ke zama, kuma tazararta da N2 mai naitirojin-15 biyu kusan 0.002 ce kacal. Sai da aka girka babbar na'urar Panorama a Jami'ar UCLA ta Amurka aka raba su sosai, har Yeung da abokan aikinsa suka nuna a 2017 cewa wannan nau'in N2 ɗin ya zarce, a iskar duniya, abin da lissafi ke bayarwa in bisa dace kawai naitirojin ke haɗuwa, da kusan kashi 19 cikin dubu.