Saikofiziks: Yadda Ake Auna Abin da Mutum Ke Ji

Saikofiziks reshe ne na ilimin halayyar ɗan Adam da ke nazarin alaƙar abin da ke waje, kamar nauyi, haske ko sauti, da yadda mutum ke jin sa. Sikeli zai faɗi nauyin kaya, amma babu na'urar da za ta leƙa cikin wanda ya ɗauka ta faɗi yadda nauyin ya zame masa.

Dabarar masana ita ce, maimakon su ce "yaya ka ji?", sai su ce "wanne ya fi?" Wajen 1834, a Leipzig ta Jamus, Ernst Weber ya riƙa ba mutane abubuwa biyu su jinjina. Ya gano cewa ƙarin da hannu ke iya ganewa yana tafiya ne da girman nauyin farko, kusan kashi 1 cikin 40. Idan mai awo a Tudun Hatsi, nan Gombe, ya riƙe ƙullin gero mai giram 400, ƙarin giram 10 zai iya ankarar da shi. In kuwa kilo 4 ne, sai an ƙara kamar giram 100. Gustav Fechner ne ya ɗora a kan wannan, ya tsara hanyoyin gwajin a littafinsa na 1860.

Amsa ɗaya ba ta zama hujja. Ana maimaita gwajin sau da yawa, a cuɗanya jerin don kada mutum ya yi canke, sannan a ƙirga sau nawa ya dace. Haka ake gwajin ji a asibiti: a sa maka abin sauraro a kunne, a riƙa rage sautin, kana ɗaga hannu duk lokacin da ka ji. A wasu gwaje-gwajen akan saka gurbin da babu sautin komai, saboda akwai mai cewa "na ji" don kara kawai, kada ya ba likita kunya.

Inda nake ganin abin ya fi wuya shi ne zafin ciwo. Akan ce wa majiyyaci ya zaɓi lamba daga 0 zuwa 10. To, wanda ya tashi da pulaku, wato tarbiyyar Fulani ta kunya da juriya, aka hore shi da cije wa ciwo, yana iya cewa 3 alhali gumi na keto masa, na gadon kusa da shi kuma ya ce 8. Shi ya sa lambar ta fi amfani wajen gwada mutum da kansa: kafin allura ya ce 7, bayan awa guda ya ce 4.