Idan faɗaɗa mararraba ta biyo ta kan shagonka: abin da dokar Kamaru ta ce

Manyan motocin da ke ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngawundare zuwa Kusiri da Njamena, ta Garwa da Marwa suke bi. Duk mararrabar da ta cushe a hanyar, asara ce ta mai da lokaci, kuma ɗan kasuwa a kan kuɗin kaya yake fanshewa. Idan aka buɗe ta, aka yi magudanar ruwa da fitilu, masu babur su ƙara yawan zuwa da dawowa, filayen unguwa su yi daraja, sabbin shaguna su taso. Wannan alheri ne, ina goyon bayansa.

Sai dai hanya ba ta faɗi sai ta ci filin wani. Nan ne doka mai lamba 85/009 ta 4 ga Yuli 1985 ke shigowa. Ta ba gwamnati damar karɓar fili don amfanin jama'a, bisa sharaɗin biyan diyya, kuma ƙa'idar ita ce a biya kafin a tashe ka.

Da farko ministan kula da filaye zai sa hannu cewa aikin na amfanin jama'a ne. Sannan kwamiti ya fito ya auna, ya ƙirga gini da itatuwa, ya rubuta sunayen masu su. Ranar nan kada ka aiki yaro, ka tsaya da kanka da takardunka, domin abin da bai shiga rajista ba da wuya ya shiga lissafi. Bayan gwamnati ta fitar da umarnin karɓar filin, kana da wata 6 ka kwashe, ko wata 3 idan aikin na gaggawa ne.

Mai takardar mallakar fili ta gwamnati ana biyansa kuɗin filin da na abin da ke kansa. Wanda ya gaji wurin ko ya saya a gaban mai unguwa ba tare da wannan takarda ba, galibi kuɗin gini da shuka kawai yake samu. Ginin da ya saɓa ƙa'idar tsara gari, ko wanda ya tsufa yana shirin rushewa, babu diyya a kansa. Idan kuɗin bai yi maka ba, ka fara kai kuka hukumar filaye, in ba ta gamsar da kai ba kana da wata 1 ka je kotu.

Inda dokar ta gaza a ganina shi ne, ɓarnar da ake gani da ido kaɗai take biya. Cinikin da ka gina shekara da shekaru ba ya cikin lissafi. Mai shayi da mai tuyar ƙosai da ke bakin titi, a filin hukuma suke, don haka hannu rabbana za su tashi. Ya kamata magajin gari ya keɓe musu rumfuna kusa da sabuwar mararrabar tun a takardar tsarin aikin, kafin katafila ta iso.