Ƙorafin Mamayar Labaran Amurka Ba Yau Ya Fara Ba

Duk lokacin zaɓen Amurka, mai bin labarai a Kano ko Yamai yakan haddace jihohin da ake fafatawa a cikinsu, irin su Pennsylvania da Georgia, alhali sai ya yi makonni bai ji halin da ake ciki a yaƙin Sudan ba. Wannan ƙorafi ya girmi yawancin matasan da ke yin sa a yau.

A shekarun 1970, kamfanonin dillancin labarai huɗu ne ke riƙe da akasarin labaran ƙetare: AP da UPI na Amurka, Reuters na Birtaniya da AFP na Faransa. Sau da yawa jaridar Legas sai ta hannun Landan take samun labarin Accra. Ƙasashen 'yan ba-ruwanmu suka ce da sake. A 1975 suka kafa haɗakar musayar labarai, kamfanin Tanjug na Yugoslabiya na jan ragama. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta kafa nata kamfanin dillancin labarai, PANA, a 1979, da hedikwata a Dakar.

Babbar rigimar a UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi, kimiyya da al'adu, aka yi ta, zamanin shugabancin Amadou-Mahtar M'Bow ɗan Senegal. Kwamitin UNESCO da Sean MacBride ɗan Ireland ya jagoranta ya fitar da rahoto a 1980, yana neman a gyara yadda labari ke kwarara daga ɓangare ɗaya kawai. Amurka ta ce wannan dabara ce ta bai wa gwamnatoci damar toshe bakin 'yan jarida, ta fice daga UNESCO a ƙarshen 1984. Birtaniya ta bi sahu a 1985.

Gaskiya, zargin da Amurka ta yi ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. A 1984 ɗin nan gwamnatin soja a Najeriya ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian ƙarƙashin Doka ta 4. Masu kukan mamayar Yamma da dama su ma suna danne 'yan jaridarsu a gida, abin da ya rage wa kukan ƙarfi.

Daga baya CNN ta kai yaƙin Gulf na 1991 cikin falon kowa, Al Jazeera ta zo a 1996 ta ɗan karya lagon. Yanzu kuwa Facebook da X da YouTube ne ke tace abin da ke fara bayyana a wayar mutum, kuma dukkansu kamfanonin Amurka ne.